Alƙalamin Akawu Da Lafiyar Jama'a: Daga Atlanta Zuwa Jega, Aliero Da Maiyama

Masu karatu za su tuna cewa cikin watan Maris na 2025 Gwamnatin Jihar Kebbi ta ba da sanarwa ciwon sanƙarau ya ɓulla a ƙasar Gwandu da Jega da Aliero, har mutum 26 sun riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Shekara goma kafin wannan, watau cikin 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da labarin mutum 652 da a ke zaton sun kamu da cutar a Jihohin Kebbi da Sakkwato, tsakanin ran 26 ga Janairu da ran 5 ga Maris, 50 daga cikinsu suka rasu.

Mutum ya kan ji irin waɗannan alƙaluma a rediyo, ya yi salati, ya ci gaba da harkarsa. Kaɗan ne su kan tsaya su tambayi kansu, shin ta wace hanya lissafin nan ya biyo har ya iso kunnen Gwamnati? To, kowace lamba daga cikinsu sai da wani malamin asibiti a ƙauye ya rubuta ta a takarda, wani ya ɗauko takardar a kan babur ya kawo ta hedkwatar ƙaramar hukuma, sa'an nan wani akawu ya zauna gaban kwamfuta ya buga ta. In ɗayansu ya yi sakaci lissafi ya karkace, allurar rigakafi kuwa bisa lissafi a ke aiko ta.

Saboda haka yau mu ke so mu ba da labarin aikin na ƙarshen nan, watau mai zuba takardu cikin kwamfuta, mu nuna inda aikin ya samo asali, da ƙa'idodin da aka kafa masa tun zamanin ƙananan kwamfutoci na farko. Dattawan da suka yi wa En'e ta Gwandu aiki kafin a sake tsarin mulkin ƙananan hukumomi cikin 1976, waɗanda suka riƙe littafin haraji da na jangali, in sun karanta za su ga ashe sana'arsu ce aka sake wa riga.

ASALIN AWON HAƊARI

Labarin ya faro daga Amurka. Cikin 1948 likitocin Gwamnatin ƙasar suka zaɓi wani gari mai suna Framingham, suka rubuta sunayen mutum 5,209, suka riƙa auna su bayan kowace shekara biyu, don su gane abin da ke sa wani ya kamu da ciwon zuciya wani kuwa ya tsira. Da shekaru suka tura, aka ga hawan jini da shan taba da yawan kitse cikin jini da ciwon sukari su ne manyan masu share wa cutar hanya.

Wani likita, Dr. Lewis Robbins, ya yi tunanin tun da haka ne, ai ya kamata a tari mutum tun yana da lafiyarsa, a lissafa masa irin haɗarin da ke gabansa. Shi da abokin aikinsa Dr. Jack Hall na asibitin Methodist a birnin Indianapolis suka wallafa littafi a kan wannan dabara cikin 1970.

Ga yadda dabarar ta ke. Akwai wani jadawali da aka tsamo daga rajistar mutuwa ta ƙasa, wanda ke nuna cikin mutum 100,000 masu shekaru kaza, maza ko mata, nawa ne su kan mutu cikin shekara goma masu zuwa, da kuma abin da ya kan zama sanadinsu. Sai a ba mutum takardar tambayoyi ya cika: shekarunsa, tsawonsa, nauyinsa, awon jininsa, ko yana shan taba ko giya, ko ya kan ɗaura ɗamarar kujera in ya shiga mota, da cututtukan da iyayensa suka yi. Kowace amsa tana da nata nauyi, wata ta ƙara haɗari, wata ta rage. In an haɗa duka sai a gaya masa shekaru iri biyu bayan nasa na haihuwa. Alal misali, ɗan shekara 45 mai shan taba, wanda jininsa ya hau, ana iya ce masa haɗarin da ya ke ɗauke da shi na ɗan shekara 52 ne, amma in ya bar taba ya nemi maganin hawan jini zai koma kamar ɗan 44.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan duba ne ko da'awar sanin gaibu. Ajali na Allah ne. Lissafin nan bai san ranar kowa ba, iyakarsa ya faɗi abin da ya saba faruwa ga taron mutane masu hali iri ɗaya, kamar yadda manomin albasa a Aliero ya san rumfar da danshi ya shiga ta fi saurin ruɓa, ko da ya ke bai san wace albasa ce za ta fara ba.

KWAMFUTA TA SAUKO KAN TEBUR

Yin wannan lissafi da hannu ga mutum ɗaya ma aiki ne mai cin rai, balle ga ma'aikatan kamfani su dubu. Don haka aka miƙa shi ga kwamfuta. Kwamfutocin wancan zamani kuwa manya ne, ɗaki guda su kan cika, sai jami'o'i da manyan ma'aikatu ke da su. Da kati a ke ba su bayani, kati mai gurbi 80 wanda kamfanin IBM ya fito da shi tun 1928, ana huda shi da inji, kowace huda tana madadin lamba. Tun a lokacin an san ɗan Adam ajizi ne, shi ya sa a kan sa ma'aikata biyu, ɗaya ya huda katin, na biyu ya sake buga abin da ke takardar a wani inji dabam, wanda zai tsaya cik in bugun nasa ya saɓa da hudar na farko.

Cikin 1980 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, wadda a ke kira CDC, a birnin Atlanta, ta fitar da tata manhajar awon haɗari don amfanin kowa. Ana nan, cikin watan Agusta na 1981 kamfanin IBM ya fito da ƙaramar kwamfutarsa ta kan tebur, bayan Apple II da ta riga ta fita tun 1977. Daga nan aiki ya fara barin manyan ɗakuna yana komawa ofisoshin lafiya na gunduma da asibitoci da kamfanoni. Wajen ƙarshen shekarun 1980 Cibiyar Carter, wadda tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya kafa a Atlanta cikin 1982, ta haɗa kai da CDC suka sabunta lissafin, suka fitar da manhaja mai suna Healthier People wadda ke aiki a kan waɗannan ƙananan kwamfutoci. Wannan cibiya ba baƙuwa ba ce gare mu, don ita ce ta tsaya tare da Gwamnatin Nijeriya wajen yaƙi da kurkunu tun 1988, sa'ad da binciken farko ya ƙidaya masu cutar sama da 650,000, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ƙasar nan ta rabu da ita cikin 2013.

Samarin yau in sun ga waɗannan kwamfutoci dariya za su yi. Fuskarsu tana ɗaukar harafi 80 a kwance, layi 25 a tsaye, ba hoto, sai rubutu kore ko fari a kan baƙi. Bayani kuwa a kan wani faifai mai laushi a ke ajiye shi, mai faɗin inci biyar da kwata, wanda ke ɗaukar harafi kimanin 360,000. Sai cikin 1983 IBM ta fito da wadda ke da rumbu a cikinta mai ɗaukar harafi miliyan 10. Wayar da ke aljihun ɗan acaɓa a kasuwar Jega yau ta ninka wannan sau dubbai.

YADDA A KE ƊAURA DAMI

Hanya biyu ce a ke ba irin wannan manhaja bayani. Ta farko, mutum ya zauna da kansa gaban kwamfuta, tana tambaya yana amsawa, in ya gama ta ba shi sakamako nan take. Wannan hanya tana da daɗi, amma kwamfuta ɗaya ce a ofis, mutane kuwa ɗaruruwa, yawancinsu ma ba su taɓa taɓa maɓallanta ba. Hanya ta biyu ita ce wadda mu ke kira shigarwa dami-dami. A raba wa jama'a takardu su cika a wurin aiki ko wurin taro, a tattara, a ɗaure su hamsin-hamsin ko ɗari-ɗari, a kai wa akawu. Shi kuma ya buga su ɗaya bayan ɗaya cikin fayil guda, ba tare da kwamfuta ta yi wani lissafi ba tukuna. In dami ya ƙare sai a umurce ta ta bi su duka a jere, injin bugawa ya yi ta ƙara yana fitar wa kowa takardar sakamakonsa, a ƙarshe kuma ya fitar da jimlar taron gaba ɗaya, watau mutum nawa ke shan taba, nawa ne jininsu ya hau.

Da ya ke wuri ya yi ƙaranci a faifai, ba a rubuta amsa da kalmomi. Kowace amsa lamba a ke ba ta, namiji 1, mace 2, haka har ƙarshe. Takardar mutum guda sai ta zama layi guda na lambobi manne da juna, kowane bayani da gurbinsa wanda ba ya gusawa, gadon da aka ci daga katin nan mai gurbi 80.

A nan ne fa haɗari ya ke. A ɗauka misali an tsara gurbi huɗu na farko don lambar takarda, ɗaya don namiji ko mace, biyu don shekaru, biyu don tsawo da inci, uku don nauyi da laba. Takarda mai lamba 0137, ta namiji ɗan shekara 45, mai tsawon inci 68 da nauyin laba 172, za a buga ta haka: 013714568172. To, in akawu ya ga sifirin farko ba shi da amfani ya bar shi, kome sai ya gusa hagu da gurbi ɗaya. Kwamfuta za ta karanta takarda mai lamba 1371, jinsi 4, watau ba namiji ba mace, shekara 56, tsawo inci 81, nauyi laba 72. Ga ƙato mai ƙafa 6 da inci 9, nauyinsa bai fi na yaron firamare ba. Sifiri ɗaya tak ya jawo wannan, kwamfuta kuwa ba ta da kunya, in ba a hana ta ba lissafi za ta yi masa ta buga ta miƙa.

ƘA'IDODIN AIKIN

Irin wannan ɓarna ce ta sa masu aikin suka kafa wa kansu ƙa'idodi, waɗanda har gobe ba su tsufa ba.

Ta farko, kowace takarda a ba ta lamba tata ita kaɗai tun kafin a taɓa kwamfuta. Suna ba ya isa, don a gari guda ana iya samun masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya su goma.

Ta biyu, a duba takardu da ido kafin a buga. Inda aka bar gurbi babu amsa, ko rubutu bai fito ba, a yi alama a mayar wa wanda ya cika. Ba aikin akawu ba ne ya cike gurbi da zato. In amsar ba ta samuwa, akwai lambar da aka keɓe don "ba a sani ba", sau da yawa 9 ko 99, amma lalle a sanar da kwamfuta ma'anarta, in ba haka ba sai a wayi gari ƙauye ya cika da tsofaffi 'yan shekara 99.

Ta uku, kowane dami a manna masa takarda a kai, mai nuna daga ina ya fito, ran da ya iso, da takarda nawa ke ciki. Wasu ma su kan tara shekarun mutanen da ke cikin damin da hannu su rubuta jimlar, ko da ya ke jimlar ba ta da wata ma'ana, don kawai a gwada ta da wadda kwamfuta za ta bayar. In sun saɓa, an san an tsallake takarda ko an buga wata sau biyu. Wanda ya taɓa aiki a Baitulmali ya san wannan, haka kuma fataken albasa, ba mai loda mota a Aliero bai ƙirga buhuna ba, ba kuwa mai sauke ta a Legas bai sake ƙirgawa ba.

Ta huɗu, a kafa wa kwamfuta iyaka. A gaya mata gurbin jinsi ba ya karɓar kome sai 1 ko 2, shekaru ba su wuce kaza, namiji ba ya amsa tambayar juna biyu, ranar rasuwa ba ta riga ranar kwanciya. In akawu ya buga abin da ya ƙetare iyaka sai ta yi ƙara ta ƙi wucewa.

Ta biyar, a buga kowane dami sau biyu, da hannun mutum biyu, kwamfuta ta gwada fayilolin ta nuna inda suka saɓa, a koma ga takarda a ga wa ke da gaskiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kowannensu ya kan yi kuskure sau ɗaya cikin gurbi 100, to su yi shi tare a gurbi guda sai kamar sau ɗaya cikin 10,000. Sai dai a lura, wannan ba ya gyara kuskuren da ke kan takardar kanta. In malamin asibiti ya rubuta 1 kamar 7, duk su biyun 7 za su buga, kwamfuta ta ce sun dace.

Ta shida, a kwafi aikin yini a faifai na biyu a ajiye shi wani wuri dabam. Ƙurar hunturu da zafin bazara da ɗaukewar wuta sun cinye aikin mutane da yawa.

Ta bakwai ita ce amana. Abin da akawu ya gani a takardar lafiyar wani, a ofis ya kan bar shi, ba ya kai shi majalisar ƙofar gida.

ABIN DA YA ISO GARE MU

Awon haɗarin mutum guda irin na Amurka bai zauna da gindinsa a ƙasashenmu ba, dalili kuwa a fili ya ke. Jadawalin da ya dogara a kai na mutuwar Amurkawa ne. Abin da ke ɗaukar rayuka a Maiyama, kamar zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa da wahalar haihuwa, ba shi ne ke ɗaukar su a Indianapolis ba. Ba kuwa za mu iya ƙera namu jadawali yadda ya kamata ba sai ran da a ke rubuta mutuwa da sanadinta, ga shi kuwa yawancin waɗanda ke rasuwa a ƙauyukanmu a kan yi musu sutura ba a rubuta a ko'ina ba.

Abin da ya iso ya kuma yi amfani shi ne wata manhaja da ta fito daga wannan gida na CDC cikin 1985, mai suna Epi Info, aikin Dr. Andrew Dean da ɗansa Jeffrey, wanda a lokacin saurayi ne ɗalibi. Kyauta ce, kowa na iya kwafe ta a faifai ya ba wani, daga baya kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hannu wajen inganta ta da yaɗa ta. Ƙa'idodin da muka lissafa a sama an gina su a cikinta: akwai sashe mai suna ENTER na shigar da bayani, da CHECK na kafa iyakoki, da VALIDATE na gwada bugun mutum biyu. Da ita likitoci da ɗalibai masu yawa a asibitocin koyarwa na ƙasar nan suka fara koyon lissafin cututtuka da kwamfuta.

A daidai wannan zamani, bayan annobar ciwon shawara ta 1986 da 1987, Gwamnatin Tarayya ta kafa tsarin sa ido da ba da rahoton cututtuka cikin 1988. Cikin 1998 ƙasashen Afirka da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya suka yarda da wani tsari mai haɗa cututtuka duka a hanya guda, Nijeriya kuma ta ɗauke shi cikin 2001. A ƙarƙashinsa kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, da fom iri uku: mai lamba 001 na rahoton nan take, 002 na mako-mako, 003 na wata-wata. Watau mu a nan, haɗarin gari mu ke aunawa maimakon na mutum guda.

AWON HAƊARIN GARI

Jega da Aliero da Maiyama suna cikin yankin da wani likitan Faransa, Lapeyssonnie, ya bayyana cikin 1963 da cewa shi ne zirin sanƙarau, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha. Cutar ta kan taso da rani, daga wajen Disamba zuwa Yuni, sa'ad da iska ta bushe ƙura ta yi yawa. Cikin 1996 ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000. An fara allurar MenAfriVac a ƙasar nan cikin 2011, ta karya lagon irin da a ke kira A, amma cikin 2013 wani iri, C, ya ɓulla a Jihar Sakkwato, shi ne ya yi ɓarna a Kebbi cikin 2015, cikin 2017 kuma ya bazu Zamfara da maƙwabta, inda aka ƙidaya sama da mutum 14,000 da a ke zaton sun kamu, sama da 1,100 suka rasu. Cikin 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai tsare iri biyar.

To, yaya a ke sanin cuta ta zama annoba? Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ma'auni cikin 2014. A yanki mai mutum 30,000 zuwa 100,000, in an sami masu alamar cutar 3 cikin kowane 100,000 a mako guda, lokacin faɗakarwa ya yi, a fara bincike a tanadi magani. In sun kai 10 cikin 100,000 a mako guda, annoba ce. A wuri mai ƙasa da mutum 30,000 kuwa, mutum 2 a mako faɗakarwa ce, 5 annoba. Yankin da ya wuce 100,000 ana so a rarraba shi, kada yawan jama'a ya ɓoye wutar da ta kama a lungu guda. A ƙidayar 2006 Jega tana da mutum sama da 190,000, Maiyama sama da 170,000, Aliero sama da 65,000, sun kuwa ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Saboda haka gunduma-gunduma ya kamata a riƙa yi musu lissafi.

Mu ɗauki gunduma mai mutum 50,000. Bisa ma'aunin nan, mutum 5 a mako guda sun isa a ce annoba ta sauka. Yanzu a ce biyar ɗin sun kwanta, an cika musu takarda biyar. Ɗaya ta tsaya a aljihun mai babur. Ɗaya kuma an rubuta ranarta 3/4, mai bugawa ya bi tsarin Amurka inda wata ke riga rana, sai 3 ga Afrilu ta koma 4 ga Maris, ta faɗa cikin makon da ya wuce da daɗewa. Saura uku. Littafi ya ce ba a kai annoba ba, alhali kuwa an kai. Haka kuma sunan gari: wani ya rubuta Aliero, wani Aleiro, kwamfuta ta ɗauke su gari biyu ta raba musu majinyata, kowanne ya kasa kai ma'auni. Jariri ɗan wata 8 in aka zuba shi a gurbin shekaru ya zama ɗan shekara 8, sai lissafin waɗanda za a yi wa allura ya karkace.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin allurar gaggawa tana hannun wani kwamiti na duniya da aka kafa cikin 1997 bayan annobar 1996, shi ke riƙe da rumbunta. Ƙasar da ke nema sai ta nuna alƙaluman mako-mako, da yawan jama'ar wurin, da shaidar ɗakin gwaji mai nuna irin ƙwayar cutar. Takardar da ba ta cika ba jinkiri ta ke jawowa, sanƙarau kuwa yana iya kashe mutum cikin yini guda.

AIBIN DAMI

A nan ya kamata mu faɗi aibin shigarwa dami-dami, don kowane abu da ranarsa. An ƙago ta ne don a tattala lokacin kwamfuta da na akawu, ladanta kuwa jira. Ma'aikacin kamfani a Amurka da ya cika takardar awon haɗari, in ya jira mako biyu kafin sakamako ya zo, ba abin da ya rage shi, don maganar shekara goma a ke yi masa. Amma takardar yaron da wuyansa ya sanƙare ba ta jiran dami ya cika. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, amma a nan kafin a je an yi jana'iza. Fom na wata-wata a ɗaure shi dami, a buga shi a natse. Na nan take kuwa, ran da aka cika shi ran nan zai tafi, a kuma buga waya tun kafin takarda ta isa.

Yau kayan aiki sun sake. Cikin 2013 Nijeriya ta ɗauki manhajar DHIS2 don tattara alƙaluman asibitoci na wata-wata, daga 2017 kuma aka fara amfani da SORMAS, wadda aka ƙago bayan cutar Ebola ta 2014, inda jami'i zai shigar da rahoto ta waya ya isa Birnin Kebbi da Abuja nan da nan. Duk da haka, a ƙaramin asibitin ƙauye da littafi da alƙalami a ke farawa, in kuma hanyar intanet ta yanke ko wuta ta ƙare, takardu su kan taru a koma wa dami. Har wa yau akwai wata ƙa'ida da a kan manta: makon da ba a ga kowa ba, a aika da rahoto a rubuta sifiri. Shiru ba ya nuna lafiya, don mai karɓa bai san ko cuta ce babu ko mai rahoto ne ya tafi biki ba.

KIRA GA AKAWUNA DA MALAMAI

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin nan uku su dubi wannan aiki da idon rahama. Ba a fafe gora ranar tafiya. Fom, da man babur, da abin cajin waya, da mutum na biyu mai gwada bugu, tun watan Nuwamba ya kamata a tanade su. Kwalejin koyon aikin lafiya da ke Jega, da jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero cikin 2006, suna da ɗalibai waɗanda wannan aiki zai zama musu makaranta, jama'a kuma su amfana.

Malaman makaranta kuwa, naku rabo ya fi na kowa. Akawun gobe yana zaune gabanku yau. Yaron da aka koya wa ya bambanta 1 da 7, da 0 da 6, ya rubuta rana da wata da shekara cikakku, ya sake duba jimlarsa kafin ya miƙa, an gama masa rabin horo. Rajistar aji ma kanta littafin lafiya ce. In kun ga yara biyu ko uku daga unguwa guda sun ɓace cikin mako guda da rani, aka ce zazzaɓi ne da ciwon kai da sanƙarewar wuya, kada ku jira ƙarshen wata, ku sanar da asibiti mafi kusa a ranar, balle a makarantun kwana inda yara ke cunkushe a ɗaki guda.

Ku kuma akawuna, mun sani aikinku ba a yi masa kirari, ba a kuwa kiran sunanku ran da allura ta iso. Amma layin lambobin nan da ku ke bugawa da la'asar, ido ya gaji, baya ya ƙage, ɗan wani ne, mahaifiyarsa tana zaune bakin gadonsa. Ku ƙirga takardunku, ku bar zato, ku aika da na gaggawa a ranarsa. Allah ya tsare mu da annoba, ya ba majinyatanmu lafiya, ya sa albarka cikin aikin kowa, amin.